Mutuwar Kafinta a Kujerar Aski

Kafinta ya mutu a kan kujerar aski, da ƙyalle ɗaure a wuyansa, rabin kansa a aske, rabi da gashi. Ƙyallen fari ne da safe, amma cikin waɗanda suka fara shiga shagon ba wanda zai yarda da haka. Jini ya jiƙa shi sharkaf, ya bi hannun kujera, ya kwanta a ƙasa har gindin madubi. Mai aski kuwa yana tsaye da reza a hannu, baki buɗe, ya kasa ko motsi.

Mai gyaran waya na shagon gefe ne ya leƙa, ya kwarma ihu. Nan da nan layin ya cika. Ba wanda ya tsaya tambayar yadda aka yi: ga gawa, ga jini, ga reza. Kafin motar 'yan sanda ta iso an farfasa madubi, an kumbura wa mai aski fuska har idonsa ɗaya ya rufe. Da ƙyar aka ƙwace shi.

Washegari da hantsi Sufeton 'yan sanda ya aika a kira Mai Sawu.

Mai Sawu dattijo ne siriri, mai ƙarancin magana, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gandun daji yana bin sawun ɓarayin farauta. Tun da ya ajiye aiki, 'yan sanda kan neme shi duk sa'ad da ƙasa take da abin faɗa kuma ba mai jin yarenta. Kullum a sunkuye yake tafiya, har jikokinsa na tsokanarsa wai allura ya yar tun yana saurayi, har yau nemanta yake. Amma ran nan ba aiki ne ya sunkuyar da shi ba. Mai askin ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa ya girma.

A ƙofar caji ofis mutane sun yi cincirindo. Wanda ke gabansu ƙanen mamacin ne, direban bas da kowa ke kira Auta, ƙaton mutum mai 'ya'ya. Ya ja hular sanyi har kunne duk da zafin da ake yi, muryarsa ta dishe.

"Ku ba mu gawar yayana! Ku ba mu wanda ya yanka shi kamar rago!"

Sufeto ya ja Mai Sawu ciki ya rufe ƙofa. "Baba, na san ɗanka ne, bai ma kamata in kira ka ba. Amma ka ga mutanen nan. Sun ce in rana ta faɗi ba a ba su amsa ba, da kansu za su shigo. Ni kuwa 'yan sandan da nake da su ba su isa tare ƙofar nan ba."

Mai aski yana rakuɓe a kusurwar ɗakin tsaro. Muƙamuƙinsa ya kumbura, magana da ƙyar take fita.

"Kawu, wallahi ban yanke shi ba. Da ƙulu ya zo a gefen kai, jini ya bushe a gashin. Ya ce in aske wurin. Reza na taɓa ɓawon ciwon, sai jini kamar an buɗe famfo. Na danne, na danne. Sai ya yi amai, ya fara minshari, ido buɗe..." Ya fashe da kuka, sauran maganar ta narke.

Mai Sawu ya dafa kafaɗarsa ta tsakanin ƙarafa. Sannan ya juya ya fita.

*

Mai Sawu ya ga mushen giwa, ya ga mutumin da ɓauna ta tattake, amma ɗakin ajiye gawa na asibiti bai taɓa zama masa da daɗi ba. Likitar da ta duba Kafinta ta lura da haka, sai ta fito da shi baranda ta ba shi kujera. Mace ce gajeruwa mai saurin magana.

"Baba, ba sai ka ga gawa ba. Cire hularka, da kanka zan yi maka bayani."

Ta ɗora yatsunta a tsakiyar kansa, ta motsa fatar gaba da baya. "Ka ji tana zamewa? Fatar kai ba ɗaya ba ce, hawa biyar ce. Hawa na biyu cike yake da jijiyoyin jini, kuma naman wurin mai tauri ne, ya riƙe su gam. In ka yanke a hannu, jijiya takan tsuke bakinta da kanta. A kai ba ta samun halin tsukewa, naman ya riƙe ta a buɗe. Shi ya sa ɗan ƙaramin rauni sai ya wanke mutum da jini, a zaci an yanka shi."

"To ba jinin da aka gani ne ya kashe shi ba?"

"Wanda ba a gani ba ne." Ta sauko da yatsa gefen kansa, tsakanin ido da kunne, ta danna a hankali. "Nan ƙashin ƙoƙon kai ya fi kowane wuri rashin kauri. A ƙarƙashin ƙashi akwai tantani uku da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa. Na waje mai tauri ne kamar jemammiyar fata, manne yake da ƙashi. Na tsakiya kamar saƙar gizo-gizo, da ruwa a ƙarƙashinsa. Na ciki kuwa siriri ne ƙwarai, yana bin kowane lungu na ƙwaƙwalwa. To daidai inda yatsana yake, wata jijiya mai bugawa ta ratsa tsakanin ƙashi da tantanin waje. An bugi Kafinta a nan da abu mai faɗi. Ƙashi ya tsage, ya yanke jijiyar. Jini ya yi ta taruwa a ciki, yana ɓamɓare tantani daga ƙashi, yana danne ƙwaƙwalwa. Ba shi da hanyar fita."

Har ta ɗauke yatsan Mai Sawu yana jin wurin.

"A shagon aski aka buge shi?"

"A'a. Tun da safe, ko kusa da haka. Abin tsoron ciwon nan ke nan, Baba. Mutum zai faɗi, ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya ci abinci, ya yi dariya da mutane. Shi bai sani ba, su ba su sani ba. Kafinta da mutuwarsa ya shiga shagon nan."

"Ki faɗa wa mutanen da ke ƙofar caji ofis haka mana."

"Na faɗa wa Sufeto, ya faɗa musu. Sun ce an saye ni." Ta miƙa masa hularsa. "Ba za su saki mai askin nan ba sai ka ba su wani."

*

Gidan Kafinta a jikin shagonsa yake, katanga ɗaya ta raba su. Tsakar gida cike da masu gaisuwa. Matarsa ta karɓi Mai Sawu a ɗan ƙaramin falo, idanunta sun yi jawur, ba ta ko so ta dube shi, don ta san dangantakarsa da mai aski.

"Da tsakar rana ya shigo," ta ce. "Na ga jini a gashinsa, ya ce katako ne ya zamo daga sama. Ya ci abinci, har ƙari ya nema. Ya ce kansa na sara masa, na ba shi magani. Ya ɗan kishingiɗa, sannan ya ce bari ya je a gyara masa wurin."

"Ransa a ɓace yake?"

"Ko kaɗan. Rabon da in gan shi da fara'a haka an daɗe."

"Akwai wanda suke rigima da shi?"

"In dai ba mai askin ba ne, to ku tambayi mai walda. Kullum tartsatsinsa na faɗowa kan katakonmu. Makon jiya a gaban kowa ya ce sai ya fasa masa kai."

Da Mai Sawu ya fito, sai ya ji an kama masa gefen riga. Wata tsohuwa ce zaune a ƙofar wani ɗaki na can ƙarshen gida, ƙanƙanuwa kamar yarinya, tana murza bakin zanenta.

"Malam, kai ne malaminsu? Ka yi musu faɗa. Yarana sun yi dambe. Na buga taga na ce su bari, ba su ji ba."

Matar Kafinta ta matso da sauri, ta yi ƙasa da murya. "Kada ka biye mata, Baba. Surukata ce, tsufa ya taɓa ta. Gani take har yanzu 'ya'yanta na makarantar firamare. Ko rasuwar ba mu faɗa mata ba."

Mai Sawu ya gyaɗa kai. Amma kafin ya juya ya dubi ɗakin tsohuwar. Tagarsa tana kallon bayan shago.

*

Mai walda bai jira an tambaye shi ba. Yana ganin Mai Sawu tare da Sufeto ya yar da ƙarfen hannunsa, ya ture baƙin gilashi sama.

"Na faɗa! Na ce zan fasa masa kai, shi ma ya ce zai yi min akwatin gawa kyauta. Haka muke tun muna samari. Ranka ya daɗe, in duk wanda na ce zan fasa wa kai na fasa, da layin nan ba mai sa hula."

Dariyar da ya so yi ta maƙale. Gumi na tsattsafo masa a goshi. Ya ce jiya tun safe yana wata unguwa yana kafa ƙofar gida, amma da aka kira lambar mai gidan, waya a kashe. Sufeto ya kalli Mai Sawu da alamar an samu mai laifi. Mai Sawu bai ɗago ba. Takalman mutumin yake kallo, manyan but masu ƙarfe a baki, da tafi mai zurfin zane kamar tayar tarakta.

"Kada ka yi nisa," Sufeto ya ce da mai walda.

*

Tun jiya shagon Kafinta yake a kulle. Ma'aikatansa biyu sun ce da sassafe ya aike su kai gadaje wani gari, ba su dawo ba sai da suka tarar da mutuwa. Mai Sawu ya sa kowa ya tsaya a waje, ya cire takalmansa, ya shiga shi kaɗai.

Gaban shagon bai ce masa komai ba, ƙafafu sun yi yawa. Bayan shagon ne ya yi magana. Rumfa ce ta kwano, da injin yanka katako a tsakiya, ƙasa kuma shimfiɗe da dusar katako mai laushi, irin wadda ko ƙadangare ya wuce sai ya bar suna. Ya tsuguna a bakin rumfar, ya karkata kai yadda haske zai zo masa a kwance, ya daɗe bai motsa ba.

Mutum biyu ne. Ɗaya Kafinta, da silifas ɗinsa. Ɗayan da takalmi sau-ciki, mai nauyin jiki. Ba but ko ɗaya. Sun tsaya fuska da fuska, sun daɗe, don sawun ya nutse. Sannan ƙafafu suka cakuɗe. Ga inda Kafinta ya faɗi a gefe, ga guntun falanki yashe, da 'yan gashi a bakinsa. Ga inda ya yunƙura ya tashi, ya yi gaba da ƙarfi, yatsun ƙafa sun tona ƙasa. Ga dugadugan mai sau-ciki sun ja layi biyu da baya har gindin inji.

Mai Sawu ya miƙe ya duba bakin teburin injin. Ƙarfe ne mai kauri. A kusurwarsa akwai busasshen jini, da gashi gajere wanda ba irin na Kafinta ba.

Abin da ya biyo baya ne ya ɗaure masa kai. Ba wanda ya gudu. Sawun biyu sun tafi a jere, kusa da kusa, zuwa wani benci. Ƙurar bencin ta goge a wuri biyu, kafaɗa da kafaɗa. A ƙasa dusa ta dunƙule inda aka zuba ruwa aka wanke jini, ga kofi ɗaya a kife.

Ya kira Sufeto ya nuna masa. "Sun yi faɗa, kowa ya ji wa kowa. Sannan suka zauna suka wanke wa juna kai, suka sha ruwa a kofi ɗaya. Maƙiyi ba ya haka. Ka rabu da mai walda."

"To wane ne?"

Mai Sawu ya nuna sawun ƙafar dama. Zanen tafin takalmin ya fito ko'ina, sai a ƙasan yatsu, inda ya shafe sumul a karkace. Na hagu ma ya ci, amma ba kamarsa ba. "Wannan mutum yini yake yana taka abu da ƙafar nan."

Bai ƙarasa ba, don ya tuna ya ga sawun nan yau. Ya fita da sauri, ya zaga ƙofar gidan, wurin famfon da masu gaisuwa ke wanke hannu. Ƙasar wurin a jiƙe take. Ga shi nan, sabo fil, na safiyar yau: dama mai shafaffen tafi. Amma hagun ya canja. Jiya a rumfa ƙafar tana ɗagawa tsaf tana sauka tsaf. Yau bakin takalmin yana jan ƙasa kafin ya sauka, kowane taku da ɗan layinsa. Ya bi layukan har bakin titi, inda suka ƙare a gefen sawun manyan tayoyi.

Ya ciro waya ya kira likitar.

"Likita, mutum ya bugu a kai jiya. Jiya tafiyarsa lafiya. Yau yana jan ƙafar hagu."

Da ta yi magana, saurin nan nata ya tafi. "Baba, ka saurare ni. Ban da jijiya mai bugawa, akwai wasu ƙanana a ƙarƙashin tantanin waje, tsakaninsa da na saƙar gizo-gizo. Su in sun tsinke a hankali suke zuba, yini ɗaya, biyu, wani lokaci fiye. In har ƙafa ta fara ja, jinin ya fara danne ƙwaƙwalwa. Ka dubi idonsa. In ɗan baƙin tsakiyar ido na dama ya fi na hagu faɗi, kada ka tsaya komai. Yana ina?"

Mai Sawu ya kalli sawun tayoyin.

"Yana tuƙa bas."

*

Sufeto ya buga waya caji ofis. Aka ce Auta ya tafi kwaso mutanen tasharsu, cike da mota, su zo a yi ta ta ƙare. Mai Sawu ya karɓi wayar ya kira shi da kansa.

"Auta, an gano wanda ya kashe yayanka. Ka sauke kowa a inda kake, ka bar motar, ka hau acaɓa ka zo shago."

"Ba na barin motata." Maganar tana fita a daƙile, kamar mai cin abu mai zafi. "Ga ni nan."

Jiran nan Mai Sawu bai taɓa yin irinsa ba, ko a dawa. Ya tsaya a bakin titi yana kallon kwana, duk ƙarar birki sai gabansa ya faɗi. Yara 'yan makaranta suna ta tsallaka titi. Ya shiga kora su gefe da hannu kamar mahaukaci.

Bas ɗin ta ɓullo a hankali, cike da mutane, tana cin hagu. Ta goge jikin katangar mai walda, ƙarfe ya yi ƙara, madubin gefe ya ɓalle ya faɗi. Ta tsaya. Mai Sawu ya miƙa hannu ta taga ya zare makulli kafin direban ya ankara.

A rumfar baya aka taru: Sufeto, matar Kafinta, mai walda, da ma'aikatan nan biyu, mutanen bas kuwa sun toshe ƙofa. Auta ya shigo ƙarshe. Mai Sawu bai dubi fuskarsa ba tukuna, ƙasa ya duba. Kowane taku na hagu da layinsa a cikin dusa, kusa da sawun jiya.

"Ina yake?" Auta ya dubi mai walda. "Wannan ne?"

Mai walda ya ja da baya har ya bugi katanga.

"Ba shi ba ne," in ji Mai Sawu. "Ba kuma mai aski ba ne. Zauna, ɗana. Nan, inda ka zauna jiya."

Auta ya kalli bencin, ya kalli kofin da ke kife.

"Cire hular."

Bai cire ba. Matar Kafinta ce ta matso ta zare ta. A bayan kunnensa na dama an naɗe tsumma, ya manne da jini, fatar wurin ta kumbura ta yi taushi kamar ruɓaɓɓen mangwaro. Matar ta saki hular ta toshe baki.

"To, mun yi faɗa," Auta ya ce, yana haki. "Sai me? Wa da ƙane ba sa faɗa? Cewa ya yi zai kai Inna ƙauye wurin dangi, wai ya gaji, tana hana su barci. Na ce uwar da ta haife mu? Ya zage ni, na ɗauki falanki, ban ma san na ɗauka ba. Ya ture ni na bugu da inji. Shi ke nan! Muka ga jini, muka ji kunya. Shi ya wanke min kai da hannunsa. Muka ce ba mai ji, kada Inna ta sani." Ya juya wurin mutanen ƙofa. "Lafiya lau na bar shi! Ya raka ni har mota, yana yi min dariya wai ƙeyata ta lanƙwasa masa inji! Wanda aka kashe yana dariya? Mai askin nan ne ya yanka shi, kowa ya ga jinin!"

Sai a lokacin Mai Sawu ya gane abin da ya fi komai ba shi tsoro. Mutumin nan ba ƙarya yake yi ba. Bai sani ba.

Ya matsa kusa, ya kama haɓarsa, ya juya fuskarsa wajen haske. Baƙin idon hagu ya tsuke. Na dama ya tsaya a buɗe, faffaɗa, kamar bakin rijiya.

"Sufeto, kawo mota. Yanzu."

"Sai an faɗa min!" Auta ya fizge. "Wa ya kashe Yaya?"

Wani daga ƙofa, wanda ya ji bayanin likita a bakin Sufeto da safe ya ƙaryata, ya ce a hankali, "Ashe gaskiya matar nan ta faɗa. Tun safe aka buge shi."

Auta ya juya yana neman mai maganar. Mai Sawu ya ga lokacin da abin ya isa gare shi: fuskar ta saki, leɓe ya motsa ba sauti. Ya ɗaga hannun dama ya dube shi. Sannan amai ya ƙwace masa, gwiwar hagu ta lanƙwashe, ya tafi ƙasa gaba ɗaya.

Mutanen da suka zo fasa caji ofis su suka ɗauke shi. Mai walda ya riƙe ƙafafu yana ta faɗin, "A hankali da kan, a hankali da kan!" A bayan motar 'yan sanda Mai Sawu ya rungume kan a cinyarsa, yana kiran sunayen 'ya'yan Auta ɗaya bayan ɗaya don kada ya yi barci. Kafin su kai asibiti minshari ya fara.

*

An huda ƙashin, an zuƙe jinin da ya taru, an ɗinke. Likitar ta fito ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da gawa biyu gidan zai karɓa. Ta ce zai rayu, amma ƙafar sai a hankali, tuƙi kuwa kada ma a yi zancensa.

Da yammar ranar aka saki mai aski ta ƙofar gaba. Ba wanda ya ba shi haƙuri da baki, sai dai mutane sun yi ta kauce wa idonsa, washegari kuma aka wayi gari da sabon madubi jingine a ƙofar shagonsa. Sai da kumburin ya saɓe, tsoro ya sake shi, sannan ya iya ba kawunsa labarin ranar daga farko har ƙarshe. Mai Sawu ya saurara, ya sa ya maimaita masa wani wuri, ya tashi ya nufi asibiti.

Auta yana kwance da kai naɗe da bandeji, ɗan sanda na zaune a ƙofa. Ya rame. Matarsa ta ce tun da ya farfaɗo bai yi wa kowa magana ba. Da ya ga Mai Sawu, sai ya yi ƙoƙarin tashi.

"Baba, kowa sai ya ce in huta. Kai ka faɗa min. Ni ne?"

Mai Sawu ya ja kujera ya zauna. Ya so a ce akwai wata amsar.

"Kai ne."

Auta ya rufe ido. Hawaye suka gangara ta gefe suka shige cikin bandeji.

"Shari'a za ta yi nata, zan kuma faɗa musu abin da na gani a ƙasa, har da benci da kofi. Amma ba wannan ya kawo ni ba. Wata magana na ji a bakin yaron da ka so a kashe. Ya ce yayanka da ya zauna a kujera surutu ya yi ta yi. Wai a aske wurin da kyau, a rufe, kada tsohuwa ta gani hankalinta ya tashi. Ya ce gobe zai fasa katangar ɗakinta ya sa mata babbar taga, ya yi mata sabon gado mai makari don kada ta faɗo. Mai aski ya tambaye shi, ba ƙauye za a kai ta ba? Sai ya yi dariya ya ce, 'Ba inda za ta. Yau ƙanena ya buga min hankali a kai.'"

Auta ya saki wani sauti, tsakanin dariya da kuka, ya cusa bakin bargo a baki. Gadon ya yi ta girgiza. Mai Sawu bai hana shi ba har abin ya lafa.

"Inna fa?" Auta ya tambaya daga baya. "An faɗa mata?"

"An faɗa mata. Takan yi kuka, ta manta, ta sake tambaya."

"Wa ke ba ta abinci? Ba ta karɓa sai a hannun ɗayanmu."

"Matar yayanka. Jiya ta karɓa."

Auta ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya juyo da kai a hankali wajen ƙofa, inda ɗan sandan yake zaune.

"Ranka ya daɗe, ka kira Sufeto. Ka ce na shirya, zan faɗi komai. Amma a fara kawo min mai askin nan, in zai yarda ya zo."